Ranar da muka kai Hajiya da yara lambun Tête d'Or na birnin Liyon

Sau biyu muka je wannan lambu kafin in iya cewa na san shi. Zuwan farko a watan Nuwamba ne, muka dawo gida yara na kuka, ko wutsiyar raƙumin dawan da aka yi musu alkawari ba su gani ba. Na biyu a watan Yuni, lokacin da surukata Hajiya ta zo mana daga Damagaram, a nan ne muka yi yini guda cur muka koma rai fes. Shiga lambun kyauta ne, ba a biyan ko sisi a ƙofa, don haka ba kuɗi ne ya raba tafiyar biyu ba. Abin da ya raba su shi ne sanin ƙofar da za a bi da sanin lokaci. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, saboda 'yan uwa da ke zaune a Faransa ko masu zuwa ziyara da iyali, musamman masu tafe da tsofaffi da ƙananan yara.

Mu a Saint-Étienne muke zaune, kimanin kilomita 60 daga Liyon. Sunan lambun Parc de la Tête d'Or, wato lambun kan zinariya, kuma haka za ka gan shi a rubuce a alluna, don haka gara ka riƙe rubutun Faransancin. Mutanen Liyon suna da tsohon labari cewa an binne wata dukiya a filin tun zamanin da, har da wani kai na zinariya, sunan kuwa ya girmi lambun kansa. A da wurin fadama ce da kogin Rhône ke malalewa a kai. A 1856 gwamnan yankin, Claude-Marius Vaïsse, ya sa aka soma aiki, da niyyar sama wa mutanen birni da ba su da ƙauyen zuwa wurin shan iska. Wasu 'yan uwa biyu masana tsara lambu, Denis da Eugène Bühler, su suka zana shi, aka buɗe a 1857. Faɗinsa ya haura hekta 100, kuma hanyar da ta kewaye shi ta kusa kilomita 4. Wannan lissafi shi ne ban ɗauka da muhimmanci ba a karon farko.

A wancan zuwan, ranar Lahadi ce, sai bayan mun ci abincin rana muka fito. Na duba a waya na ga ƙofofin lambun ba sa rufewa sai ƙarfe takwas da rabi na dare a lokacin sanyi, na ce ai da sauran lokaci. Muka sauka daga bas a babbar ƙofa, wadda ake kira Porte des Enfants du Rhône, mai ƙarafa da ruwan zinariya, wadda kowa ke ɗaukar hoto a gabanta. Da shigarmu sai ga tafki shimfiɗe a gabanmu, yara suka ruga wajen agwagi, muka ɓata fiye da rabin awa a nan. Daga baya muka soma neman gidan namun daji. Hanyoyin lambun ba miƙaƙƙu ba ne, da gangan aka lanƙwasa su, kuma da ƙaramin yaro a keken turawa da yarinya 'yar shekara shida tafiyar ba ta sauri. Kafin mu isa biyar ta kusa, rana ta yi ƙasa, ma'aikata na sanar da mutane cikin ladabi cewa za a rufe. Ashe gidan namun daji da ɗakunan gilashi na shuke-shuke suna da nasu lokaci daban, suna rufewa tun kafin ƙofofin waje da awoyi. Ranar 'yata ta yi kuka har cikin jirgi, ni ma abin ya tsaya mini a rai, don ni na yi mata alkawarin.

Da Hajiya ta zo, maigidan ya ce wannan karon sai an yi shiri. Daren Juma'a na buɗe shafin hukumar birnin Liyon na duba lokutan kowane sashe ɗaya bayan ɗaya, na kuma duba hasashen yanayi, domin idan ana tsammanin iska mai ƙarfi hukuma kan rufe lambun gaba ɗaya saboda faɗuwar rassan manyan itatuwa. A lokacin zafi ƙofofi na buɗewa shida da rabi na safe, su rufe goma da rabi na dare. Ba a tambayar kowace takarda a ƙofa, amma duk da haka na sa fasfon Hajiya mai ɗauke da bizarta a jakata tare da takardun zamanmu, don baƙo a ƙasar nan bai kamata ya yi nisa da gida ba tare da takardarsa ba. Sai abinci. Akwai wuraren sayar da abinci a ciki, amma ban so in tsaya ina tambayar me aka sa a kaza ba, kuma Hajiya ba ta saba da burodi da cuku a matsayin abincin rana ba. Da asuba na tashi na yi dambu da busasshen zogalen da ta zo mana da shi, na soya kaza, na cika fulas da shayi, na daskarar da zoɓo a gora biyu. Na haɗa da tabarmar roba, da dardumar salla, da ƙaramar buta.

Mun bar gida takwas saura. A tashar Châteaucreux muka shiga jirgin yanki da ake kira TER, wanda ke kai wa tashar Part-Dieu ta Liyon cikin minti hamsin ko ƙasa da haka. Tikitin babban mutum yuro goma sha wani abu ne zuwa kaɗai, yaron da bai kai shekara huɗu ba kuma ba a biya masa, don haka autanmu kyauta ya tafi. Hajiya ta zauna jikin taga tana jan carbi tana kallon tsaunuka. Part-Dieu ita ce matakin da na fi jin tsoro, don tasha ce mai cunkoso ƙwarai, kuma tana da manyan mafita biyu. Ɗaya an rubuta Porte Alpes, ɗayar Porte Rhône. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro, yana ɓangaren Rhône. Duk wanda ya fita ta ɗayan gefen sai ya sake ratso tashar cikin turmutsutsun masu jakunkuna. Na riƙe hannun Hajiya, maigidan ya tura keke, yarinya ta riƙe gefen rigarsa, muka bi alamar lifta maimakon matakala mai tafiya da kanta, wadda Hajiya ta ce ita kam ba za ta hau ba.

A ƙasa muka sayi tikiti a na'ura. Kowane ɗaya kimanin yuro biyu ne, kuma yana aiki na awa guda ko ka sauya daga metro zuwa bas. Hajiya ta tambaye ni nawa ke nan da sefa, na ce mata jika ɗaya da ɗari uku da 'yan kai, tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya. Ta girgiza kai ta ce, "'Yar nan, Allah ya sa albarka a nemanku." Layin da ya taɓa yi mana wuya shi ne na na'urar, mun yi kusan minti goma saboda Asabar ce. Daga baya na ga mutane na ɗora katin banki kawai a kan mashigar su wuce, sai dai wannan ya fi sauƙi ga mai tafiya shi kaɗai. Muka shiga layin B mai zuwa Charpennes, tasha biyu, muka sauya zuwa layin A mai nufar Perrache, tasha ɗaya tak muka sauka a Masséna. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma, mu da Hajiya mun yi sha biyar, har muka ɓullo kan Boulevard des Belges muka shiga ta ƙofar da ake kira Porte de la Tête d'Or. Ba ta da ƙawar babbar ƙofa, amma ita ce ke ajiye ka kusa da ɗakunan gilashi da gidan namun daji. Goma ba ta yi ba muna ciki.

Ɗakunan gilashin muka fara shiga, tun rana ba ta yi zafi ba. Manyan an gina su ne wajen 1880, ƙarfe da gilashi, na tsakiyar tsayinsa ya kai mita 21 don itatuwan ƙasashen zafi su sami wurin miƙewa. Nan ma kyauta ne. Muna tura ƙofa wani ɗumi mai laima ya doke mu, irin na damina bayan an ɗauke ruwa. Hajiya, wadda tun zuwanta take fama da rigar sanyi ko a Yuni, ta tsaya cak ta yi ajiyar zuciya. Ta ga ayaba da ganyenta sun yi fama-fama, ta ga itatuwa dangin dabino da giginya, ta soma nuna wa jikarta tana faɗa mata sunayensu da Hausa. Kowace shuka akwai ɗan allo a gindinta da sunan kimiyya da ƙasar da ta fito, yarinya na karanta wa kakarta, kakar na gyara mata da namu sunan. Na tsaya daga baya ina kallonsu. Yarinyar nan a Faransa aka haife ta, ba ta taɓa ganin ayaba a jikin uwarta ba sai ranar. Hanyoyin ciki ƙanana ne, keken yaro na wucewa da ƙyar, don haka maigidan ya tsaya waje da auta muka yi musaya daga baya.

Daga nan zuwa gidan namun daji 'yar tafiya ce. Babu shinge mai wurin sayen tikiti, kana cikin tafiya ne kawai sai ka ga ka shiga. Sashen da yara suka fi so shi ne filin Afirka da aka buɗe a 2006, inda aka bar dabbobi iri-iri a fili ɗaya da ruwa kewaye da shi maimakon keji. Jakunan dawa na kiwo, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da jan gashi sun yi cincirindo a bakin ruwa, can kuma raƙuman dawa na miƙa wuya suna tsinkar ganyen da aka rataye musu. 'Yata ta ƙame, ba ta ce uffan ba na ɗan lokaci, sannan ta juyo ta ce, "Mama, da gaske ne." Hajiya ta kama hannunta ta ce, "Kishiya, zo ki ji. Mu a ƙasarmu waɗannan ba a tsare suke ba." Ta ba ta labarin raƙuman dawan Kure, a kan hanyar Doso zuwa Yamai, yadda ta taɓa ganinsu daga tagar mota suna ratsa gonakin mutane. Mun fi minti arba'in a wurin, kuma da safen ba cunkoso, yara na samun gaban shinge ba tare da an ɗaga su ba.

Yarinya ta nemi giwa. Babu giwa a Liyon yanzu. Biyun ƙarshe, Baby da Népal, an ɗauke su a 2013 bayan doguwar taƙaddama kan zargin suna da tarin fuka, gimbiya Stéphanie ta Monako ta karɓe su. Inda suke a da an mai da shi sashen dabbobin dazukan Asiya. Gara iyaye su san wannan tun daga gida kada su yi alkawarin abin da babu. Akwai birai, akwai wani kududdufi cike da kunkuru, waɗanda mutane suka saya suna ƙanana don ado, da suka girma suka rasa yadda za su yi da su aka tattaro su nan. A wani babban fili mai ciyawa kuma akwai garken wasu dabbobi dangin barewa masu ɗigo-ɗigo a baya. An hana ba dabbobi abinci, alluna na faɗa ko'ina, sai da na karɓe biskit daga hannun auta.

Wajen ɗaya saura muka nemi inuwa. Ana zama a kan ciyawa a yawancin filayen, ana cin abinci, hura wuta ne aka hana. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya, kewaye da mu iyalai ne iri-iri, Turawa da Larabawa da baƙaƙe, kowa da kwandonsa. Zoɓon ya narke daidai sha. Akwai famfunan ruwan sha a wurare da dama, mun cika gorunanmu sau biyu. Banɗakuna kyauta ne, amma tazara ce tsakaninsu, kuma bayan azahar layin mata ya yi tsawo, mun yi kusan minti goma sha biyar ni da Hajiya. A tafi da takardar goge hannu da buta. Batun salla shi ne ya fi damuna tun daga gida, don babu masallaci a ciki, babban masallacin Liyon kuma yana can wata unguwa mai nisa. A watan Yuni azahar ba ta shiga sai biyu ta kusa. Muka yi alwala da buta a gefe, muka sami wani lungu bayan itatuwa nesa da hanya, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya, mai jira na riƙe da yara. Ba wanda ya ce mana komai, ba wanda ya tsaya kallo. Hajiya ta daɗe a zaune tana addu'a bayan ta sallame.

Da rana ta karya muka shiga abubuwan da ake biya, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa idan ba a yi wa yara iyaka ba. Akwai lilon dawakin katako mai juyawa, akwai ƙananan dawaki na hawa, akwai ɗan jirgi mai zagaya lambu, akwai kwale-kwale a tafki, ga masu askirim. Kowanne 'yan yurori ne, amma idan ka ninka da mutum biyar sai ka ji a jikinka. Tun a gida mun ce abu biyu kaɗai. Na farko ɗan jirgin, saboda ƙafafun Hajiya sun soma nauyi, kuma da shi ta ga ɓangarorin da ba za ta iya takawa ba. Mun jira zagaye ɗaya ya wuce kafin mu sami wuri. Na biyu wasan 'yan tsana na Guignol, wanda asalinsa ɗan Liyon ne. Wani masaƙin siliki mai suna Laurent Mourguet ya ƙirƙiro shi wajen 1808, bayan sana'ar saƙa ta mutu masa ya koma cire haƙori a kasuwa yana jan mutane da wasa. Ana yin wasan da rana, galibi Laraba da ƙarshen mako da lokacin hutun makaranta. Yara na zaune a gaba suna ihu suna gargaɗin Guignol duk lokacin da jandarma ya laɓaɓo ta bayansa. Hajiya ba ta jin Faransanci sosai, amma da sanda ta soma aiki ta yi dariya har da hawaye. Duk abin da muka kashe a cikin lambun, har da askirim, bai kai yuro 50 ba. A riƙe 'yan tsabar kuɗi a aljihu, ba a ko'ina na yi amfani da kati ba.

Kwale-kwale ba mu shiga ba, Hajiya ta ce ita da ruwa sai dai alwala, kuma an hana wanka a tafkin. Amma akwai wuri ɗaya da ban yi niyyar zuwa ba, maigidan ya matsa, kuma na gode masa. A cikin tafkin akwai tsibiri, Île du Souvenir, ana shiga ta wata hanya da ta bi ta ƙarƙashin ruwa, mai matakala, sai da muka ɗaga keken yaro. Kana fitowa sai hayaniyar lambu ta ɗauke. An gina wurin ne don tunawa da mutanen Liyon da suka mutu a yaƙin duniya na farko, maginin garin Tony Garnier ya tsara shi, kuma an sassaƙa sunaye fiye da 10,000 a jikin duwatsu. Hajiya ta bi bangon a hankali tana shafa rubutun. Ta ce, "Duk 'ya'yan wasu ne." Sai ta tambayi ɗanta ko akwai namu a ciki, don ta taso tana jin labarin waɗanda Faransa ta kwasa soja daga ƙasashenmu. Ya ce mata waɗannan 'yan garin ne, amma a wani ƙauye arewa da Liyon, Chasselay, akwai maƙabarta mai jan gini irin na Afirka ta yamma, inda aka binne sojojin Afirka da Jamusawa suka kashe a watan Yunin 1940. Ta yi shiru, ta ɗaga hannu ta yi addu'a, mu ma muka shafa.

Lambun furen wardi yana can gefen arewa, kusa da sabbin gine-ginen Cité Internationale, kuma Yuni ne lokacinsa. Mun leƙa ne kawai, don auta ya yi barci kuma kowa ya gaji. Muka gangaro ta bakin tafki muka fita ta babbar ƙofar nan mai ruwan zinariya wajen shida da rabi, rana na nan tsaye kamar la'asar sakaliya. A nan muka ɗauki hoton da Hajiya ta aika Damagaram. Akwai tashar bas kusa da ƙofar, muka hau mai zuwa Part-Dieu da sabbin tikiti, muka sami jirgin Saint-Étienne bayan jiran minti ashirin. Mun shiga gida kafin magariba.

Ga wanda zai je da iyali, shawarata ita ce ya shiga ta ƙofar Tête d'Or da safe, ya gama da ɗakunan gilashi da namun daji kafin azahar, ya bar tafki da babbar ƙofa zuwa ƙarshe, tunda su ba sa rufewa da wuri. Ya duba lokacin gidan namun daji na ranar da zai je, ba na lambu kaɗai ba, don yana sauyawa daga wata zuwa wata. Mai saukowa a Part-Dieu da ba ya son sauya jirgi yana iya sauka a Brotteaux, tasha ɗaya kawai, ya bi Boulevard des Belges da ƙafa, sai dai tafiyar ta ɗan fi tsawo. Idan akwai tsoho a tafiyar, a sa masa takalmi mai laushi, a zauna duk inda aka ga benci ko bai ce ya gaji ba, domin irin su Hajiya ba za su taɓa faɗa wa suruka sun gaji ba. Ni a fuskarta na riƙa karantawa. A kula da masu keke da masu gudu a babbar hanyar da ta kewaye lambun, suna zuwa da sauri kuma ba ƙara. Kada kuma a ce sai an ga komai a yini ɗaya. Mu ba mu ga filin tseren keke ba, ba mu zagaya bayan tafki da ƙafa ba.

Kwana biyu bayan nan, muna shan shayi da dare, Hajiya ta ce wa ɗanta kafin bizarta ta ƙare tana so a kai ta Chasselay. Mun je Asabar ɗin da ta biyo baya, da mota, ta tafi da carbinta da dardumarta.